Neman Iburu a Duwatsun Bukumbe

Tun da na dawo daga Jugu ban huta da tambaya ba. In na fito wurin tukwanenmu na turara shinkafa, kafin wuta ta kama sai wata ta ce, "Hajiya Rabi, wai da gaske ne mace ce ta goya ki a babur?" Wata kuma ta ce ta ji an ce a saman soro na kwana, ni da rumbu. Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure har na fara mance wadda na gaya wa kaza da wadda ban gaya wa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in jero shi tun daga tushe, kowa ta ji daidai da 'yar'uwarta.

'Yata ta fari, wadda muke kira Ummi, tana aure a Jugu, can arewacin ƙasar Benin. Mijinta Isiyaka dangin maigidana ne. Kakanninsu fataken goro ne da suka tashi daga Kano, suka yada zango a garin, ba su sake komowa ba. A lokacin kaka Ummi ta haihu, aka samu namiji. Maigida ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, sai ƙanena Sabi'u ya ce shi zai raka ni. Na yi ta sa masa albarka, ina cewa kowa ya samu ƙane irin nawa ya gode Allah. Ban san yana da tasa a ciki ba.

Sabi'u a gonar bincike ta Kadawa yake aiki tun yana saurayi, yanzu har furfura ta cika masa gemu. Ciyawa ce aikinsa. Mu nan Kura abin da muka sani game da ciyawa shi ne a cire ta daga cikin shinkafa ko a yanka wa rago, shi kuwa sai ya tsuguna a bakin kwatar ban-ruwa ya yi ta juya ganye ɗaya kamar mai duba zinare. Sai da motarmu ta wuce Funtuwa sannan ya juyo ya dube ni.

"Yaya, kin tuna iburu?"

"Wanda Inna take faɗa? Mai kama da acca?"

"Shi. Kin taɓa ganinsa a gona?"

Na ce ban taɓa ba. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, takan ce kafin a kawo ruwan kwata yankinmu, ana shuka shi a jigawa wajen Bunkure, a yi fate da kunu da shi. Da shinkafa da tumatir suka zo, aka bar shi. Sabi'u ya ce ya daɗe yana neman irin. Wanda ake samu a kasuwa surfaffe ne, ba ya tsira. Ya taɓa samun ɗan kaɗan a hannun wani tsoho, ya ajiye yana jiran fili, kafin ya shuka irin ya mutu a kwalba. Ya ce littattafansu sun nuna ana noma shi a duwatsun da ke gaba da Jugu.

"Ashe ba ni ka rako ba," na ce.

"Ke na rako, Yaya. Ciyawar ce ta biyo mu."

Daga Tsafe zuwa Gusau ba wanda ya yi hira a motar. Direba ya kashe rediyo, kowa ya kama carbinsa, kun dai san yadda hanyar take. Allah ya fisshe mu lafiya. Muka kwana a Birnin Kabi gidan wani abokin aikin Sabi'u, da safe muka kama hanyar Kamba.

A Kamba muka fita daga Najeriya muka shiga Nijar, muka ɗan taɓa Gaya, sai ga gadar kogin Kwara. Ni da nake taƙama da ruwan dam ɗin Tiga, da na ga wannan kogi sai na raina namu. Ƙetarensa Malanbil ne, nan Benin ta fara, nan kuma Hausata ta fara gajarta. Wani ma'aikacin iyaka, dogo mai ladabi, ya buɗe jakata yana tambaya da Faransanci. Ya ga kuka, ya ga daddawa, ya ga kanwa, ya ajiye. Da ya zo kan robar yajin jego da na daka wa Ummi, sai ya buɗe ya kai hanci. Na ɗaga hannu in hana shi, ban yi sauri ba. Bawan Allah nan ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi. Na ce shi ke nan, yau a nan zan kwana.

Wata mata da ke bayana a layi, mai jiki, da ƙaton mayafi ruwan goro, ta matso ta yi masa magana. Ya share hawaye ya amsa, su biyun suka kwashe da dariya.

"Na gaya masa na mai jego ne," ta ce da ni da Hausa. "Ya ce matarsa ma ba ta daɗe da haihuwa ba, ko za ki ɗan sam masa."

Na ƙulla masa a leda. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗauki jakata da kansa ya kai ta bakin titi.

Matar nan Hajiya Safura ce, Badendiya, wato 'yar ƙabilar Dendi ta yankin, mai fataucin albasa. Da ta ji mu baƙi ne ta hana mu neman masauki, ta ce gidanta yana da ɗakin baƙi na maza da na mata. Ta kawo mana soyayyen kifin kogi da shinkafa. Kifin ban taɓa cin irinsa ba, shinkafar kuwa 'yar waje ce, fara sol ba ɗanɗano, na ci dai don kara. Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa taushi. Sabi'u ya ɗauki nasa ya saɓa a kafaɗa yana cewa zai tafi kiwo. Abin da ya fi burge ni a garin shi ne mata. Ga su nan a kan babur, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko juyowa ya kalle su.

Daga nan muka shiga wata tsohuwar fijo da aka ɗora wa kaya har ta zauna. Gonakin auduga ne hagu da dama. Bayan mun wuce Kandi taya ta fashe, muka fito muka zauna a inuwa. Matan Fulani suka zo da wani cuku mai jan baya, ana soya shi kamar awara. Fulatancinsu da na 'yan rugar bayan Bunkure kusan ɗaya ne, har tsadar ma iri ɗaya. Aka gama gyara, kowa ya shiga, aka nemi Sabi'u aka rasa. Direba ya yi ta danna oda. Can sai ga shi ya fito daga cikin daji, wandonsa duk ƙarangiya, riƙe da ciyawa a hannu.

"Wannan ai harƙiya ce," na ce da shi da muka tashi. "Ita ka tsayar da mota dominta? Akwai ta a bayan gidanmu."

"Ita ce. Dubi kanta." Ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora ta a kai. "Kin ga yadda ya rabu kamar yatsu? Masana sun tara duk ciyayin da kansu ya yi haka a gida ɗaya, suka sa wa gidan suna Digitaria, wato masu yatsu. Harƙiya 'yar gidan ce. Acca ma haka. Iburu ma haka."

"Wato abin da muka baro Kura muna nema ɗan'uwan abincin rago ne."

"Ɗan'uwansa ne na jini. Sai dai shi mutane sun raine shi har ya zama hatsi. Kin san sunan da aka rubuta masa a littafin masana na duk duniya? Digitaria iburua. Daga bakin Bahaushe aka ɗauko shi."

Wannan ta shige ni. Sunan namu ne, ana karanta shi a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, mu kuwa 'ya'yanmu ba su san kamanninsa ba.

Mun isa Jugu ana gobe suna. Ba zan tsaya faɗin yadda na ji da na ga Ummi ba, duk uwa ta sani. Yaron ya ci sunan maigida, don haka ni dai angona nake kiransa. Mutanen zango sun karɓe mu kamar jiya muka rabu. Hausarsu ta gauraya da Dendanci, wata kalmar kuma tsohuwa ce da rabona da jin ta tun kakata tana raye. Sakwara suka fi ci, da miyar gyaɗa, kuma mata uku ne ke kewaye turmi ɗaya suna kirɓawa ba tare da taɓarya ta taɓa taɓarya ba. Uwar mijin Ummi ta riƙe ta da kyau, ruwan wanka ba ya yankewa. Ta ɗanɗana yajina ta ce lallai Kano tana nan inda aka bar ta.

Ana gama suna Sabi'u ya shiga kasuwa. Kullum ya dawo da ƙulli, kullum ya kwance ya girgiza kai. Acca ce, fara, surfaffiya. Har na fara jin tausayinsa, don ya daina cin abincin kirki. Sai Isiyaka ya kawo masa wani mutum mai suna Kwagu, direban da ke ɗauko masa doya daga ƙauyuka. Kwagu mutumin duwatsun Bukumbe ne, ya yi ƙwadago a gonakin Najeriya shekaru, can ya koyi Hausa wurin abokan aiki. Sabi'u ya kwatanta masa: ya fi acca tsawo, ƙaiƙayinsa baƙi-baƙi, yana da wuyar surfe.

"Mahaifiyata tana da shi," in ji Kwagu. "A ƙauyenmu ita kaɗai ta rage. Amma Malam, ba za ta buɗe maka rumbunta ba. Ni ɗanta ma ba na sa hannu a ciki. In da mace ce ta je, wataƙila."

Duk suka juyo suka dube ni.

Na ce a'a. Na zo ganin 'yata ne, ban zo hawan dutse ba. Kuma gaskiya akwai abin da ban faɗa a gaban Kwagu ba: an ce mini mutanen can ba Musulmi ba ne, ban san abin da zan ci ba, ban san inda zan yi salla ba. Sabi'u bai roƙe ni ba, ya dai tashi ya fita waje. Ummi ce ta matso kusa da ni.

"Umma, ki je. Kawu ya kusa barin aiki. In bai samu yanzu ba, yaushe zai sake zuwa?"

Muka tafi a motar Kwagu, ta Natitingu. Daga nan hanya ta fara hawa, ga duwatsu ga kwazazzabai, har muka kai inda mota ba ta wucewa. Nan aka zo da babura biyu. Kwagu ya ɗauki Sabi'u. Ni kuwa ƙanwarsa ce ta zo ɗaukata, wata siririyar mace da ba ta kai rabina ba. Na tattare hijabi na ɗaure a ƙugu, na hau, na rungume ta kamar zan karya ta. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Ita kuwa tana tafe tana waƙa, in mun zo gargada ta ɗan taɓa gwiwata alamar in riƙe. Ko sau ɗaya ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. To ga amsar masu tambaya: da gaske ne.

Gidajensu ba a cure suke kamar namu ba, kowane yana tsakiyar gonarsa. Ginin ƙasa ne mai hawa biyu, kamar ƙaramar ganuwa, ƙofa ɗaya ƙanƙanuwa. Ƙasa dabbobi ne da wurin niƙa. Ana hawa sama ta wani gungume mai sara-sara, a can ne ɗakunan kwana suke, da rumbuna masu hular ciyawa, da wurin shanya. Daɓen saman nan sumul yake, tsaf, ko tsinke babu. A bakin ƙofa akwai wasu 'yan tuddai na ƙasa, Kwagu ya ce na kakanninsu ne.

Mahaifiyarsa sunanta Tena, ni dai Iya Tena na kira ta. Tsohuwa ce ramammiya mai ƙarfin hannu, da ɗan lofe a baki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi magana, wata yarinya ta kawo sabuwar ƙwarya da ba a taɓa sha da ita ba, aka zuba mini ruwa. Ta sa aka kamo zabo aka miƙa wa Sabi'u da wuƙa, Kwagu ya ce ta ce ya yanka da hannunsa yadda addininmu ya ce. Da azahar ta yi ta ga ina waige-waige, ta tambayi ɗanta wace kusurwa muke fuskanta, ta ɗauki tsintsiya da kanta ta share wurin, ta shimfiɗa tabarma, ta kore kaji da yara. Har na idar ba wanda ya yi tari. Duk tsoron da na taho da shi a nan na ajiye shi.

Da la'asar ta kai mu gonar, a bayan gida kan gangare, ƙasa mai tsakuwa wadda mu a Kura ko kallonta ba za mu yi ba. An riga an girbe acca, sai wani ɗan fili da ya rage a tsaye. Hatsin da ke cikinsa ya kai mini ƙirji, siriri, kansa ya rabu kamar yatsu, ya yi duhu kamar an shafa masa toka da jar ƙasa. Sabi'u ya tsinki kai ɗaya, ya ciro ɗan madubinsa na ƙara girma, ya duba, ya murje ƙwaya a tafin hannu, ya sake dubawa. Sai kawai ya zauna a ƙasa.

"Shi ne, Yaya," ya ce.

Iya Tena ta tambaya ko ba shi da lafiya. Kwagu ya yi mata bayani. Ta cire lofen daga baki ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zauna ita ma a kan dutse, aka shiga hira, Kwagu a tsakiya yana juyawa. Ta ce su ipoga suke kiran wannan hatsi, farin da baƙin duka, amma baƙin ya fi jinkirin nuna kuma ya fi ba mace wuya a turmi, shi ya sa matan yanzu suka guje shi. Sabi'u ya gaya mata inda aka san ana noma shi a duniya: ƙasar Zazzau da duwatsun Jos da kewayensu, sai a yi dogon tsallake, sai nan duwatsunsu da na maƙwabtansu a Togo. Ya ce ba a taɓa samun sa ya fito da kansa a daji ba, sai inda hannun mutum ya watsa shi.

"To wa ya kai wa wani?" ta tambaya.

"Ina zaton fataken goro ne suka zo da shi daga wajenmu, tunda hanyarsu ta nan kusa ta bi."

Ta girgiza kai tun Kwagu bai gama fassara ba. Ta ce kakannin kakanninta da shi suka hau dutsen nan, da shi ake kai gaisuwar aure, da shi ake sallamar mamaci. In fatake sun ɗauka, to daga nan suka ɗauka suka kai mana.

Sabi'u ya yi murmushi. "Gaya mata gaskiyar magana ba mu sani ba. Littattafan ma ba su sani ba. Tana iya yiwuwa ita ce da gaskiya."

Wannan amsa ta yi mata daɗi. Ta ce mutumin da ya iya cewa bai sani ba ana iya zama da shi.

Na kwana a ɗaya daga ɗakunan saman, wanda sai da rarrafe ake shiga. Da safe Iya Tena ta kama hannuna ta kai ni wurin turmi. Nan na ga aiki. An riga an tattake da ƙafa wani damin iburun da aka fara yankewa, ƙwayar ta zube, ƙanana kamar yashi. Sai a zuba a turmi a haɗa da ɗan yashi na gaske a surfa, a bushe, a sake surfawa, a sake bushewa. Sannan a zo wanki, a raba hatsi da yashi a cikin ruwa, daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Ni da na tsufa ina rege shinkafa na ce wannan ai aikina ne. Na karɓi ƙwarya na juya yadda na saba. Ruwa ya tafi da rabin hatsin, yashin ya zauna lafiya lau a ƙasa tare da sauran. Matan gidan suka yi dariya har da riƙe ciki, kaji suka samu rabonsu. Iya Tena ta zagayo bayana ta kama wuyan hannuwana biyu, ta riƙa karkata su a hankali, a hankali, har na ji yadda abin yake tafiya. Ban iya ba, amma na daina zubarwa.

Ta tuƙa tuwonsa da miyar kuɓewa da sauran zabon. Fari ne tas, mai laushi, ba ya nauyi a ciki, da wani ƙamshi kamar na sabuwar gyaɗa. Sabi'u ya ci ya ƙara. Ni kuwa ina ci ina tunanin Inna, yadda takan ce shinkafa cika ciki ce kawai.

A nan na lura da shinkafar da suke nomawa kaɗan a kwari. Wata ta kawo ta surfa, duk ta kakkarye ta zama tsaki. Na ce da Kwagu ya tambaya ko suna turarawa. Suka ce suna tafasa ta dai a ruwa. Na ce a ba ni tukunya. Na jiƙa ta da ruwan ɗumi ta kwana, da safe na tsane, na sa ruwa kaɗan a gindin tukunya, na yi mata gado da kara, na rufe da buhu har ƙaiƙayin ya fara tsagewa. Na nuna musu a shanya a rana kaɗan, a ƙarasa a inuwa, kada zafi ya fasa ta. Wannan karon ni ce a bayan Iya Tena ina riƙe da hannunta, ina nuna mata yadda ake murza ƙwaya a ji ko ta yi. Ba mu tsaya ganin surfen ba, don ba ta gama bushewa ba lokacin tafiyarmu ya yi.

Sai da muka ɗaure kaya sannan na yi maganar iri. Sabi'u ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi, Iya Tena ta ɗaga masa hannu tun bai fito da komai ba. Ta hau rumbunta, ta cire hular, ta shiga har ƙugu, ta fito da ɗan gora mai toshe da tsumma. Ta zauna ta ba mu labari. Ta ce wata shekara gobara ta cinye rumbunta ƙurmus, ba ta tsira da ƙwaya ɗaya ba. Ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Sai ta tuna ta taɓa ɗibar wa wata ƙanwarta da ke aure a bayan dutse. Ta taka har can, ta samu ƙanwar ta riƙe shi, ta dawo da cikin tafi biyu. Duk abin da muka gani a gona daga nan ya fito.

Ta sa goran a hannuna, ba a hannun Sabi'u ba, ta rufe da nata hannun.

"Ta ce ke ta ba," in ji Kwagu. "Ta ce kada ya kwana a gida ɗaya. Ki raba shi gida uku, kuma kada gidajen su zama a jere."

Na ce na ji, na kuma ɗauka.

Na ƙara kwanaki wurin Ummi da angona, sannan muka juyo ta hanyar da muka bi. Goran yana ɗaure a ƙuguna cikin zani har Kura. A Malanbil na nemi mai atishawa ban gan shi ba, Hajiya Safura kuwa ta haɗa mu da albasar da sai da muka biya mata kujera.

Da muka iso gida muka ɗan yi ja-in-ja da Sabi'u. Shi so yake ya tafi da shi duka wurin aikinsu, inda akwai ɗakin sanyi da ake ajiyar iri. Na ce ɗakin sanyi gida ɗaya ne. Na auna da murfin kwalba na kasa uku. Kashi ɗaya na ba shi. Kashi ɗaya na kai wa Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga bayan Bunkure, don suna da jigawar da ruwan kwata ba ya kaiwa, kuma da na kwance ƙullin uwar mijinta ta gane shi tun ban faɗi sunansa ba. Na ukun yana ɗakina a cikin goran, yana jiran damina. Maigida ya riga ya bar mini kan tudun gonarsa inda shinkafa ba ta yi.

Ran nan ina tsakiyar juya shanya sai ga kiran Isiyaka, ya ce ga Kwagu ya zo da saƙo daga dutse. Kwagu ya karɓi wayar muka gaisa. Ya ce Iya Tena ta ce a gaya mini an surfa shinkafar, ta fito ɗai-ɗai ba ta karye ba, har maƙwabta sun fara zuwa kallon tukunyar. Sannan ta ce a tambaye ni, gida nawa?

Na ce, "Gaya mata uku. Ɗaya a Kadawa, ɗaya a Bunkure, ɗaya a Kura."

Ya ce zai faɗa mata. Ya ce dama ta ce in amsar uku ce, a gaya mini hankalinta ya kwanta, ko da nata ya sake ƙonewa yanzu ta san inda za ta aiko.